Ba Jahilci Ba Ne: Raddi Ga Masu Zargin Mutanen Mayo-Oulo

Tun da Kamaru ta fara allurar korona a watan Afrilun 2021, wasu 'yan boko a Garwa suke maimaita magana ɗaya: wai mutanen karkara irin na Mayo-Oulo sun noƙe ne saboda jahilci da addini, maganinsu kuma tilas. Ina goyon bayan rigakafi ɗari bisa ɗari, shi ya sa wannan magana ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Suka ce jahilci ne. To ai uwar da ta ƙi allurar korona ita ce ke saɓa jaririnta a baya, ta taka har asibiti a yi masa ta ƙyanda. Da ba ta san amfanin allura ba, me zai fitar da ita cikin rana? Jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa ma ba a ƙauye aka ƙera ta ba. Daga birane ta zo ta WhatsApp, har ma'aikatan lafiya da dama sun yi ɗari-ɗari.

Suka ce addini ne. A 1990, da aka ware 'yan mata kaɗai ana yi musu allurar tetanos, raɗe-raɗin hana haihuwa ya sa ɗalibai tsallake tagogin aji, a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru inda Kiristoci suka fi yawa. Maniyyatanmu kuwa sun daɗe suna karɓar allurar sanƙarau kafin hajji ba gardama.

Suka ce tsoron ba shi da tushe. Gaskiya ne allurar korona ba ta hana haihuwa, biliyoyin mutane sun yi ta. Amma tsoron yana da tarihi. Mayo-Oulo na kan iyakar Najeriya, labarin da ya shiga kasuwar Mubi ba ya daɗewa bai iso ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara kusan 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu. A Afrilun 2020 wasu likitoci biyu suka fito a talabijin ɗin Faransa suna shawarar a yi gwajin allura a Afirka, har ɗan ƙwallon Kamaru Samuel Eto'o ya mayar musu da martani mai zafi. A 2021 kuma rahoton masu binciken kuɗin gwamnatin Kamaru kan asusun korona na sefa biliyan 180 ya tayar da ƙura. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma abin da masu zargin ba sa kallo. Magidanci ne tsaye a tagar sayar da magani da damina, takarda a hannu, ɗansa na kwance zazzaɓi na girgiza shi, sai ya sayar da akuya kafin a ɗaura ƙarin ruwa. Bayan kwanaki ga ma'aikata a kan babur da akwatin ƙanƙara na allurar korona har ƙofar gida, kyauta, saboda cutar da mutane ke kira "ciwon masu kuɗi". Dole ya tambaya: "Me ya sa wannan ce kyauta?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa: ƙasashen waje ne suka biya, ta shirin COVAX da kyautar Sin. Wa ya zauna ya faɗa masa?

Saura tilas. Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, kuma ba sanda ce ta dawo da ita a 2004 ba. An gwada maganin, aka kawo wani daga Indonesiya, sarakuna suka sa baki. A Mayo-Oulo ma akwai lamido da jaurori, limamai da fastoci da ungozomomi. Su za a fara zama da su, da Fulatanci da Fali da Hausa, tun kafin babur ya iso.