FILIN GONA DA LAMBU: Launin Fure Ba Shaida Ba Ne

Duk wanda ya bi manyan titunan Abuja, daga Garki zuwa Wuse har Maitama da Asokoro, ba zai rasa ganin masu rainon shuke-shuke a gefen hanya da bakin rafuka ba, sun jera hajarsu cikin baƙaƙen ledoji. Cikin abin da suke sayarwa akwai wata itaciyar ado mai manyan furanni wadda ake kira haibiskas, kuma ita ce ta kan haɗa su faɗa da masu saye. Mutum ya zaɓi tasa a watan Disamba, furenta ja ne mai ratsin ruwan goro, ya biya kuɗi masu auki, ya kai gida ya dasa. Watan Maris na kamawa sai ya ga ta fid da fure ƙarami, koɗaɗɗe, rawaya ta rinjayi jan. Daga nan sai ya koma wurin mai lambu da kumfar baki, yana cewa an yi masa sakiyar da ba ruwa. Alhali kuwa sau da yawa itaciyar da ya nuna ita aka ba shi. Yanayi ne ya juya, furen ya bi shi.

Ita dai haibiskas baƙuwa ce a ƙasar nan, amma danginta 'yan gida ne. Yakuwa da rama 'yan ɗakinsu ɗaya da ita, kuɓewa da auduga kuma 'yan uwa ne na kusa. Wanda yake tantama ya tsinko furen kuɓewa ya ajiye kusa da nata, zai ga falle biyar-biyar, da duhun launi a tsakiya kamar ƙwayar ido, da kuma sandar da ta fito daga ciki ɗauke da garin fure. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa mata sunan kimiyya a 1753, sunan da ma'anarsa ita ce furen ƙasar Sin, kuma tun 1960 mutanen Malesiya suka ɗauke ta a matsayin furen ƙasarsu. A Abuja kuwa, garin da aka yanke shawarar ginawa a 1976, Gwamnatin Tarayya ta tare a cikinsa a 1991, ta sami wurin zama sosai, domin tun a takarda an zana birnin da filayen shaƙatawa da gidaje masu harabar shuka.

To, sauya launi ba sabon abu ba ne a wannan zuriya, manomi ma ya riga ɗan boko sani. Manomin auduga a Funtuwa ko Gusau ya san furen da ya buɗe fari-fari da hantsi kashegari zai same shi ya koma jaja-jaja. Furen yakuwa ma haka yake, yana buɗewa da ɗan ruwan rawaya, kafin la'asar ya yi ruwan hoda ya yanƙwane.

Dalili shi ne, akwai rini iri biyu manya a jikin fallen furen. Na farko, wanda masana ke kira antosayanin, shi ke ba da ja da ruwan hoda da shunayya. Yana narke ne cikin ruwan jikin furen, kuma ba shi da juriya: sanyi yana ƙara shi, zafi mai tsanani yana rage shi. Matan gida sun daɗe suna gwada halinsa a madafa ba tare da sun san sunansa ba, domin shi ne jan da ke cikin zoɓo. A matsa lemun tsami a ciki, sai ya yi ja wur. A jefa ɗan jiƙon kanwa don a kashe tsami, sai ya yi duhu ya dusashe. Rini na biyu, watau karotin da danginsa, shi ke ba da rawaya da ruwan goro, irin wanda ke cikin karas da manja. Shi kuwa rana da zafi ba su dame shi ba, sai ma ƙara fitowa da yake yi. Saboda haka furen da ya haɗa rinin biyu kamar sikeli yake, duk wanda yanayi ya ɗaure wa gindi shi ido zai gani.

A dubi shekarar Abuja da wannan ma'auni. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, dare yana sanyi, sai ja da ruwan hoda su yi kauri. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu zafin rana ya kan haura digiri 35, ja ya ja da baya, rawaya ta fito fili, furen ya ƙanƙance, wani lokaci ma tohon ya zube tun bai buɗe ba in ruwa ya yi ƙaranci. Damina na sauka, gajimare ya rufe rana, sai launi ya sake daidaita. Tsohuwar ja mai falle biyar wadda ake shinge da ita ba ta cika nuna wannan bambanci ba. Masu aure-auren launi, waɗanda aka samar ta hanyar barbara iri da iri, su suka fi rawar kai, kuma abin takaici su ne masu tsada.

Tun da launi ba abin dogaro ba ne, mai saye sai ya duba ganye da ƙirar furen, domin su ba su bin iska. Ganyen haibiskas ta ainihi kore ne shar, mai sheƙi, bakinsa da haƙora kamar zarto. Akwai mai falle biyar, akwai mai ninki wadda fallayenta suka cunkushe har sandar tsakiya ta kusa ɓacewa. Akwai mai dabbare-dabbaren fari a ganye, furenta ja ne ƙarami. Akwai wadda asalinta Afirka ta Gabas ne, wajen Kenya da Tanzaniya, furenta yana reto ƙasa kamar fitila, fallayensa a tsattsage sun lanƙwashe baya. Wata kuma da ake yawan ruɗewa da ita furenta ja ne a naɗe kamar laimar da ba a buɗe ba. Mai shuka ya yi ta jira ta buɗe, ba kuwa za ta buɗe ba har abada, don haka Allah Ya halicce ta, kuma ba haibiskas ba ce, 'yar dangi ce kawai.

Wannan ba ya wanke masu lambu baki ɗaya. Galibinsu ba sa maƙala wa shuka suna, in an tambaye su sai su ce "ja" ko "rawaya", kamar masu sayar da atamfa. Daɗin daɗawa, itaciyar da aka tayar daga yankan reshe ita ke ɗauko uwarta sak, wadda aka tayar daga ƙwayar iri kuwa tana iya fitowa da wata kama dabam. Ya kamata mai saye ya nemi a nuna masa uwar da aka yanko reshen, ya kuma tambayi yadda furenta ke zama da bazara. Sashen kula da wuraren shaƙatawa na Birnin Tarayya zai yi wa jama'a alheri in ya sa masu wannan sana'a su riƙa rubuta sunan kowane iri a jikin ledarsa.

Inda launi yake zama shaida ta gaske a wannan zuriya shi ne wajen zoɓo, kuma can ne kuɗin yake. Abin da 'yan kasuwa ke kira furen zoɓo ba fure ba ne, kwanson da ke rungume da gurguzu ne, wanda ke kumbura bayan furen ya faɗi. Launinsa na gado ne: farar yakuwa ba ta zama ja don sanyi ya sauka, mai duhun ja kuma ita masu saye suka fi so. Daga Jigawa da Kano ake loda shi zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda ake yi a nan. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, don haka wanda ya makara da shuka itacensa zai yi fure tun yana ƙarami, amfani ya ragu. Wanda kuma ya gauraya iri a gona, ko ya shanya a ƙasa raɓa ta sauka a kai, zai tarar da sakamakon a bakin sikeli ranar kasuwar Maigatari.