ZAMAN IYALI: Kayan Da Ba A Sauke Wa Mutum

Maganar wannan wata tana da nauyi a baki, balle a bakin namiji, saboda haka ina roƙon iyayenmu mata su yi mini gafara tun daga farko. Na daɗe ina juya ta a zuciya, na ga shiru ba zai sauƙaƙa wa kowa ba.

A hutun da ya wuce gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta kawo mana ziyara. Shekarunta 58, 'ya'yanta shida, har autanta ya yi aure. Tun ina yaro na san ta da ciwon baya da na wuya. Ta sha magani iri iri, an yi mata ƙaho, an shafa mata man zafi, duk a banza. Ran nan suna tsintar shinkafa da uwargidana, sai ta janye wuyan rigarta ta nuna mata kafaɗa. Igiyar rigar nono ta yi rami a kafaɗun nan biyu, har yatsa yana iya kwanciya a ciki. Ta ce, "'Yata, yau shekara talatin ina ɗauke da kayan da babu mai sauke mini. Wata nas ta ce akwai aikin da ake yi a asibiti a rage. Amma tsofai-tsofai da ni, ina zan kai wannan magana? Ki tambayar mini Malam, shi da ba ya rabuwa da littafi."

Ni malamin makaranta ne, ban san aikin likita ba. Amma na karanta abin da na samu, kuma na san gwaggona ba ita kaɗai ba ce. Ga abin da na koya.

Nauyin da ake magana a kai

Wanda bai ɗauki kaya ba, bai san nauyinsa ba. Gorar ruwa mai lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne. Maigida, ka ɗaure guda biyu da igiya, ka rataya a wuya su sauko bisa ƙirjinka, ka wuni da su a gona ko a ofis. Kafin la'asar za ka gane. A wajen wasu mata, abin da likita yake cirewa a kowane gefe yakan kai rabin kilo, a wasu kilo ɗaya, a wasu ma fiye da haka.

Irin wannan nauyi yana jan kafaɗa gaba, mace ta riƙa tafiya a sunkuye. Daga nan sai ciwon wuya, da na baya, da ciwon kai. Wata yatsunta sukan yi sanyi ko su mutu, domin an danne jijiyar da ta bi ta kafaɗa. A lokacin zafi kuwa gumi yana taruwa a ƙarƙashin nono, fata ta saɓe, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya. Likita ya ce ta riƙa tafiya don ta rage ƙiba, ita kuwa tafiyar ce azaba. Bayan mace ta daina al'ada, yawancin naman da ke yin ruwan nono yakan shanye, kitse ya maye gurbinsa, fata kuma ta saki. Shi ya sa wata takan ga kayan sun ƙaru da girma a daidai lokacin da ƙarfinta yake raguwa.

Amma a nan akwai kashedi babba. In nono ɗaya ne ya soma girma shi kaɗai, ko an ji ƙullutu a ciki ko a hamata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, to, wannan wata magana ce dabam. A je asibiti a makon nan, don a tabbata ba sankara ba ce.

Yadda ake aikin

Ana yin aikin a ɗakin tiyata, bayan an sa mace barci. Yakan ɗauki awa biyu zuwa uku. Likita yana cire kitse, da nama, da fatar da ta yi yawa, sa'an nan ya matsar da kan nono sama zuwa inda ya kamata, tare da jijiyoyin da ke kai masa jini. Idan girman ya wuce kima, wani lokaci sai an cire kan nonon gaba ɗaya a sake dasa shi, kuma wanda aka dasa haka yawanci ba ya ƙara jin taɓawa. Salon yankan da aka fi sani wani likita ne ɗan Amurka, Robert Wise, ya tsara shi a 1956. Yana barin tabo kewaye da kan nono, ya sauko tsaye, ya bi ta ƙarƙashi, kamar harafin T da aka kifa. Akwai kuma salon da tabonsa bai kai haka tsawo ba, ga wadda abin cirewa bai yi yawa ba.

Akan kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Bayan an koma gida, sai mako biyu ko uku na hutu sosai. Har mako shida babu ɗaukar kaya mai nauyi: babu daka, babu jan guga, babu goyon jika. Za ta sa rigar nono mai riƙewa dare da rana na wasu makonni. Kumburi yana sauka a hankali cikin watanni, tabo kuwa yana dushewa cikin shekara ɗaya ko biyu, amma ba ya ɓacewa.

Abin da shekaru suke kawowa

Yarinyar da ba ta gama haihuwa ba tana da tunani biyu: aikin yana iya hana ta shayarwa, kuma sabon ciki yana iya maido da girman. Mai shekara 50 ko 60 ta huta da waɗannan. Kuma likitocin wannan fanni sun shaida cewa yawancin matan da aka yi musu aikin suna samun sauƙin ciwon wuya da kafaɗa, manya da yara. Shekaru su kaɗai ba sa hana aikin. Lafiyar jiki ce ake dubawa.

Amma girma yana zuwa da nasa kaya. Fatar babba ba ta saurin haɗewa kamar ta yaro, saboda haka ɗinki yakan daɗe bai warke ba, ko ya yi ruwa, musamman inda layukan yanka suka haɗu a ƙasa. Ciwon sukari yana ƙara wannan haɗari. Hawan jini yana sa zubar jini. Kwanciya ba motsi tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu, shi ya sa nas take tashin mara lafiya ta taka tun ranar farko ko washegari. Taba kuwa tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, har kan nono yana iya mutuwa don rashin jini. Likitoci suna so a bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki, a kuma ci gaba da barinta bayansa. Iyayenmu masu ɗan sa taba gari a baki ko a hanci, wannan magana har da ku.

Mu baƙar fata muna da wani abu kuma. Tabon wasunmu yakan yi tudu ya ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, irin wanda kan fito a kunnen wasu 'yan mata bayan huda. Wadda ta san jikinta yana yin haka, ko na danginta, ta faɗa wa likita tun kafin a sa rana. Haka kuma ta kai masa dukan magungunan da take sha, na asibiti da na gargajiya, domin asfirin da wasu magungunan tsinka jini suna hana jini tsayawa.

Abu biyu kuma likitan kirki ba ya tsallakewa ga mace mai waɗannan shekaru. Na fari, hoton nono, wanda ake kira mamogiram, kafin a taɓa ta. Na biyu, aika naman da aka cire ɗakin gwaji a duba shi. Bayan an warke kuma za a ci gaba da hoton a kan kari, gama rage nono ba ya raba mace da sankara.

Akwai wata gaskiya da ba a so a ji. Ciwon bayan mai shekara sittin ba kullum daga ƙirji yake ba. Wani daga lalacewar ƙashin baya ne ko na gaɓoɓi, kuma wuƙar likita a ƙirji ba za ta taɓa wannan ba. Shi ya sa akan fara da abin da ba ya bukatar yanka: rigar nono daidai jiki mai faɗin igiya, da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, da rage ƙiba, da shanya ƙarƙashin nono bayan wanka. Mai niyyar rage ƙiba ta rage kafin aiki, domin ramewa bayansa tana ɓata siffar. In an gwada waɗannan watanni ba sauƙi, sai a zauna a yi maganar tiyata.

Tsoro da kunya

Da aka ambaci aikin a gidanmu, abin da ƙanena ya fara tunawa shi ne rasuwar Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci. Ta rasu a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005, tana da shekara 59, bayan aikin zuƙe kitse. Nata ba aikin nono ba ne, kuma a 2009 kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci. Darasin da ke ciki shi ne, tsadar asibiti da nisan ƙasa ba su ne lafiya ba. Hannun da ya yi aikin, da idon da ya lura da mara lafiya bayan aikin, su ne abin dubawa.

Wannan aiki na likitan gyaran jiki ne, wanda ya ƙware bayan karatun likita, irin waɗanda ke gyara ƙuna da tsagaggen leɓe. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jos. A guji masu talla a waya da hotunan "kafin" da "bayan" da ragin kuɗi. Araha ba ta ado. A guji kuma man shafawa da ƙwayoyin da ake cewa suna rage nono, gama asarar kuɗi ce kawai.

Wasu kuma za su ce ai raina halittar Allah ne. To, tsohon da aka cire masa yanar ido, ko magidancin da aka yi masa aikin gwaiwa, wa ya taɓa zarginsa da haka? Neman sauƙin ciwo ba girman kai ba ne. Amma kowace mace ta binciki zuciyarta. In gorin kishiya ko maganar miji ce take tura ta, ta dakata, domin wuƙa ba ta maganin bakin mutane.

Tambayoyin da za a kai wa likita

Matambayi ba ya ɓata. A rubuta waɗannan a takarda, a tafi da 'ya ko 'yar'uwa mai riƙe magana:

1. Likita, sau nawa ka yi irin wannan aiki, kuma a kan masu shekaruna?
2. Nawa ne cikin ciwona kake zaton zai tafi, nawa zai rage?
3. Ina tabon zai bi, kuma kan nono zai ci gaba da jin taɓawa?
4. Wane ne zai sa ni barci, kuma akwai jini a ajiye in an bukata?
5. In ɗinki ya buɗe bayan na koma gida, wa zan nema?
6. Nawa ne kuɗin duka, har da gwaje-gwaje da magani da wankin ciwo?

Likitan da ya ji haushin tambaya, ko ya ce babu haɗari ko kaɗan, a yi masa godiya a nemi wani.

Ga magidanta da 'ya'ya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jikin nata ne, saboda haka ita ce mai cewa i ko a'a. Namu shi ne mu saurara ba da dariya ba, mu raka ta asibiti, mu kuma rufa mata asiri. In ta ce za ta yi, a shirya wanda zai yi girki da wanki da ɗebo ruwa har mako shida, a kuma ajiye kuɗi fiye da abin da aka yanka, don ba a san abin da zai taso ba. In ta ce ta fasa, kada a yi mata gori.

Gwaggona dai ta je, babbar 'yarta ta raka ta. Hoton ya fito lafiya. Amma an sami jininta ya hau, sukarinta ma ya ɗan wuce, sai likita ya ce ba zai sa rana ba sai an daidaita su, ta dawo bayan wata uku. Ya kuma gaya mata ciwon ƙugunta ba zai tafi da wannan aiki ba, na wuya da kafaɗa ne yake sa rai. Yanzu tana shan magani, ta sayi rigar nono daidai jikinta karo na farko a rayuwarta, kuma har yau ba ta yanke shawara ba. Da ta kira uwargidana makon jiya ta ce, "'Yata, ko ban yi ba, na ji daɗi da aka saurare ni."

Uwa, in kina ɗauke da irin wannan kaya, ki faɗa wa wata da kika amince da ita, ku je asibiti tare. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.