A tsare takardun jama'ar Kurfai daga wuta da ruwa

A cikin watan Janairu na shekarar 2012, gobara ta cinye ginin ma'aikatar shari'a a birnin Yamai, takardu masu ɗimbin yawa suka zama toka. Gini ana sake shi, amma takardar da ta ƙone ba ta dawowa.

Wannan darasi ya shafi Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, inda ake ajiye littattafan haihuwa da na aure, da takardun gonaki, da hukunce-hukuncen alƙali. In takardar gona ta salwanta, rigimar iyaka ta samu ƙofa. In ta haihuwa ce, ɗan lakkol ya gamu da cikas ranar jarrabawa.

Takarda abokan gaba biyu gare ta, wuta da ruwa. Don haka masana suka ƙago na'urar yayyafi mai mataki biyu. Ana shimfiɗa tiyo a rufin ɗaki, babu ruwa a ciki sai iska da aka matse. In abin jin hayaƙi ya ji hayaƙi, sai ƙararrawa ta kaɗa, makullin ruwa ya buɗe, tiyo ya cika. Duk da haka ruwa ba ya zuba sai zafi ya fasa ɗan gilashin da ke toshe bakin famfo, galibi a digiri 68, kuma bakin da ke bisa wutar kaɗai ke buɗewa. In wani ya fasa gilashin bisa kuskure, ƙararrawa ce za ta yi kuka, takardu su tsira a bushe.

Masu cewa abin da tsada ba su yi ƙarya ba. Na'urar tana bukatar tankin ruwa nata na kanta, da injin tura ruwa wanda ba ya tsayawa in an ɗauke lantarki, da ma'aikaci mai horo da zai riƙa duba ta. In babu waɗannan, ado ce kawai.

Amma ba kowane ofis ke bukatarta ba. Ya kamata mahukuntan Filinge su tara muhimman takardu a ɗaki guda mai ƙarfi, su sa kuɗin na'urar cikin kasafin shekara. Kafin nan, a gyara wayoyin lantarki, a rataya tulun kashe gobara a kowace ƙofa, a ajiye kwafin kowane littafi a wani gini dabam. Ba a fafe gora ranar tafiya.