A Bar Kaso, Amma Maki Ya Raba Gardama

Muhawarar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta sake tasowa tun 2025, lokacin da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ƙarƙashin Farfesa Tunji Olaopa ta tallata gurabe a intanet. Wasu na cewa a bi sakamakon jarrabawa zalla, wasu na cewa a ci gaba da raba gurabe tsakanin jihohi. Matsayin wannan jarida shi ne a bar wa kowace jiha kasonta, amma a cikin kason, maki kaɗai zai fitar da wanda zai samu.

Rabon nan ba alfarma ake yi wa Arewa ba. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya tanade shi, kuma domin wannan rabo aka kafa Hukumar Raba Daidai tun a 1996, don kada yankin da boko ya riga isa ya mamaye ofisoshin ƙasa. Indiya ma ta haɗa biyun: jarrabawa mai tsanani, da gurabe da aka ware wa al'ummomin da aka bari a baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake yi da kason bayan an ware shi. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya saurari shaidu kan sayar da guraben aiki, da yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar mutane ba tare da sun tallata ba. Aikin da ba a tallata ba, wa zai ji labarinsa in ba mai uwa a gindin murhu ba? Sai a rubuta cewa Kano ta samu kasonta, alhali ɗan manomin Bunkure da ya gama jami'ar Wudil ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta bai ma san an buɗe ƙofa ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma kason jiha bai kamata ya ƙare a 'yan unguwannin birni ba.

Wanda ke ganin wannan magana ce ta 'yan boko kawai, ya je bakin kanal. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, shi ke shayar da dubban kadada a Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An kashe maƙudan kuɗin rancen Bankin Duniya wajen gyara magudanan a shirin TRIMING. Amma siminti ba ya buɗe ƙofar ruwa da kansa. Ma'aikaci ne ke tsara ranar da kowane sashe zai sha, shi ke lura da inda yashi da kacala suka toshe hanya, kuma malamin gona ake nema idan tsutsar sharon ta faɗa wa tumatir kamar yadda ta yi a 2016. In wanda aka ba kujerar da takardar babban mutum ya shigo, bai san aikin ba, kuma tun watan farko yake neman a mayar da shi birni, manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal ne zai kalli shinkafarsa tana ƙonewa.

Shi ya sa jarrabawar ma take buƙatar gyara. Tambayoyin Turanci da sanin al'amuran yau da kullum ba su isa auna injiniyan ban-ruwa ba. A gwada shi a kan aikin da zai yi. A sanar da gurabe a gidajen rediyo da Hausa, a kawo cibiyar jarrabawa kusa, domin kuɗin mota da na data kan kayar da ɗan talaka tun kafin ya zauna gaban kwamfuta. Wanda ya ci kuma, a tura shi inda aikin yake, ya yi shekarun da aka gindaya masa kafin a saurari batun sauyi.

Muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki, na jiha da na tarayya, su daina karɓar gurabe suna rabawa magoya baya. Su matsa a liƙa sunan duk wanda aka ɗauka, da makinsa da ƙaramar hukumarsa, a sakatariyar Kura da ta Bunkure, inda kowa zai gani.