Saran kububuwa: a fara da asibiti

Ƴan uwa manoma da makiyaya, lokacin noma da lokacin girbi su ne lokutan da macizai suka fi saran mutane. Shi ya sa za mu faɗi wata magana, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Wanda maciji ya sara, asibiti ya kamata a fara kai shi. Kada a tsaya gwada maganin gida.

A karkararmu, kububuwa na cikin macizan da suka fi kisa. Gajera ce, tsawonta kamar kamu ɗaya, launinta kamar na ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wurin da ta sara yakan kumbura. Daga nan sai jini ya riƙa fita ta dasashi, ko ta hanci, ko cikin fitsari. Mafi haɗari shi ne jinin da ke zuba cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa, inda ido ba ya gani. Mutum yana iya yin hira da iyalinsa yau, bayan kwana biyu ko uku ya faɗi.

Wani zai ce: "Ai wane an yi mashi magani a gida, ya warke." Haka ne. Amma ba kowane maciji ke da dafi ba. Mai dafin ma, wani lokaci yakan yi sara bai zuba dafi ba. Irin wannan mutum zai warke ko ba a yi mashi komai ba. Idan kuwa dafi ya shiga jini, tsaga ba ta fidda shi, tsotsa ba ta fidda shi, baƙin dutse ma haka. Tsaga ƙara zubar da jini take yi. Ɗaure ƙafa tamau da igiya kuma yana iya kashe ƙafar.

A asibiti, ana ɗibar jini kaɗan a zuba cikin kwalba mai tsabta. Idan minti 20 suka wuce bai daskare ba, dafi na aiki. Sai a yi allurar makari, wadda ake samu daga jinin dawaki ko tumaki. Kowane makari da macizan da aka yi shi dominsu. Wanda aka yi don macijin Amurka mai ƙaraurawa a wutsiya ba ya aiki kan dafin kububuwa. Don haka kada a sayi makari wurin ɗan tebur.

Kafin a isa asibiti, a kwantar da hankalin mutum. A cire zobe da awarwaro da takalmi tun wurin bai kumbura ba. A sa wa ƙafar ko hannun karan ɗori don kada ya motsa. A ɗauke shi bisa amalanke ko babur ko mota, kada ya tafi da ƙafa. Kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin.

Saura maganar kuɗi, domin makari yana da tsada. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Muna kira ga hukumomi su tanadi makari a asibitocin karkara tun kafin ruwa ya sauka. Mu kuma, kowane gari ya buɗe asusu. Bayan girbi kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi, a sayar, a aje kuɗin hannun amintacce. A san kuma mai abin hawan da za a tada ko da tsakar dare ne. Ranar da tsautsayi ya auku, ba a tsaya neman rance ba.

Allah ya kare mu, ya ba mu damana mai albarka.