Haɗarin mota a yankinmu: bayan "Allah Ya kiyaye gaba", wa zai biya kuɗin ɗori?

Duk wanda ke bibiyar shafukan Facebook na 'yan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa ya san yadda labarin haɗari yake zuwa. Da farko hoton mota ce ta kife a gefen titi, sai "Innalillahi" ta cika wajen sharhi, sai wani ya saka lambar asusun banki yana neman a taimaka wa wanda ya karye. Bayan kwana uku an wuce wajen, an koma wani zancen. Shi kuwa mai karaya yana nan kwance, iyalansa na lissafin abin da za a sayar: akuya, buhun gero ko ma gonar gado.

Abin da nake so mu tattauna a wannan makon shi ne abin da ke biyo bayan wannan kwana ukun. Mutumin da aka buge a kan titi yana da haƙƙi a dokar ƙasa, yana da shi kuma a shari'ar Musulunci, amma a yankinmu da wuya ka ga wanda ya bi wannan haƙƙin har ya karɓa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, sun nuna mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran mota a Najeriya a shekarar 2024, waɗanda suka ji rauni kuma sun haura dubu 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, masu karanta wannan shafin. Mu ne 'yan acaɓa, mu ne fasinjojinsu, mu ne ake lodawa a bayan a-kori-kura zuwa ƙwadago a gona. Titin Kano zuwa Daura ya ratsa ta tsakiyar Kazaure, manyan motoci na wucewa dare da rana, ga kuma ƙananan hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa inda babur ɗaya ke ɗaukar mutum uku da buhu.

Karayar manomi kuma daban take da ta ma'aikaci. Ma'aikacin gwamnati idan ya kwanta wata uku, albashinsa na shigowa. Manomi idan ƙafarsa ta karye a farkon damina, shuka ta wuce shi, noma ya wuce shi, kaka ta zo rumbu babu komai. Idan karayar ta gagari asibitin Kazaure aka tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga kuɗin mota, ga kuɗin aiki, ga abincin mai jinya. Shi ya sa da yawa ke komawa wajen mai ɗori a gida, wani a dace, wani ya tashi da ƙafa a karkace har ƙarshen rayuwarsa.

To me doka ta ce?

Tun 1945 akwai dokar da ta wajabta wa duk mai abin hawa ya yi inshorar da za ta biya mutumin da ya yi wa ɓarna a hanya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshorar naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000. Abin da kamfani zai iya biya idan an lalata dukiyar wani kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan adadin na dukiya ne, irin su babur ko shago ko katanga. Rauni a jiki da rasa rai suna da nasu lissafin daban. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta wannan doka a faɗin ƙasa, daga baya a shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tanadi asusun biyan waɗanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko motar da ta gudu ba a gane ta ba.

Abin takaicin shi ne yawancin direbobinmu sun ɗauki takardar inshora a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge kawai. Wasu ma ta bogi ake haɗa musu da takardun mota ba su sani ba. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: ka danna *565*11# a wayarka ka saka lambar motar, za a nuna maka ko tana da inshora ta gaskiya. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

Sannan ba direba kaɗai ake bi ba. Idan direban yana aikin ubangidansa ne lokacin da ya yi haɗarin, doka tana ɗora alhakin har a kan mai motar ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin direban tirela talaka ne irinmu, ko an kai shi kotu ba abin da zai iya biya, amma mai tirelar ba talaka ba ne.

"Ai ƙaddara ce, mun yafe"

A nan ne zancen yake da nauyi, kuma sai mun bi shi a hankali. Ƙaddara gaskiya ce, yafiya kuma aikin lada ne. Amma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya saukar da hukuncin diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun zayyana ta dalla-dalla: diyyar rai raƙumi 100 ce ko dinari 1,000, wanda a farashin zinare na yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi, haƙori raƙumi biyar. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara.

Yanzu dubi yadda ake yi a garuruwanmu. An buge magidanci ya rasu. Shugabannin tasha su zo ta'aziyya da direba, a zauna a zaure, wani baffa ko wan mamacin ya ce "mun yafe duniya da lahira", a shafa fatiha. Matar mamacin tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya tambaye ta. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su ma san abin da ake yi ba. Alhali diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Baligi yana iya yafe rabonsa, wannan ruwansa ne, amma baffa ba shi da hurumin yafe rabon maraya. Sau da yawa ma kunya ce ke sa a yafe, don kada a ce gidan wane sun ci kuɗin jini. Shekara biyu bayan haka sai ka ga yaran sun bar makaranta, shi kuma mai yafewar yana fama da nasa iyalin.

Ba ina cewa kowane haɗari sai an je kotu ba ne. Sulhu a gaban mai unguwa, dagaci ko hakimi ya fi sauri, ya fi araha, kuma yana barin zumunci. Amma sulhun kirki shi ne wanda aka yi bayan likita ya faɗi girman raunin, aka rubuta shi a takarda, aka sa hannu da shaidu, aka faɗi nawa za a biya da kuma yaushe. Na baka da ake yi a daren haɗari, direba ya biya kuɗin allurar farko ya tafi, shi ne ke barin mutane da cizon yatsa ranar da aka ce sai an saka ƙarfe a ƙafa.

"Ba mu da kuɗin lauya"

Wannan ma uzuri ne mai ƙarfi, amma akwai ƙofar da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba. Hukumar ba da agajin lauya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Dutse, kuma dokarta ta 2011 ta saka ƙarar neman diyyar haɗari cikin shari'o'in da take tsaya wa talaka kyauta. An yi ta ne musamman domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata a matakin tarayya. Manoman Gwiwa da Roni nawa ne suka wuce wannan? Matsalar ita ce nisa. Daga ƙauyen da ke bayan Babura, kusa da iyakar Nijar, zuwa Dutse tafiya ce ta yini da kuɗin mota mai yawa. Ya kamata 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi su nemi a riƙa turo lauyoyin hukumar Kazaure ko Babura ko da sau ɗaya a wata. Wannan ya fi rabon taliya amfani.

A kula da lokaci kuma. Ƙarar neman diyya tana da wa'adi, idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba. Idan motar hukuma ce ta yi ɓarnar abin ya fi tsanani, domin dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya wata uku kacal ta bayar. Mai jiran sai ya warke sarai kafin ya ga lauya yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Inda mu matasa muka shigo

Mu ne kan fara isa wajen haɗari, waya a hannu. Abin da muka yi da wayar a minti goma na farko yana iya zama hujjar da iyalin wani za su tsaya a kai. Farko dai a ceci rai: a kira 122, lambar FRSC ta kyauta, ko 112, a kai mutum asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa. Bayan nan, maimakon hoton fuskar mamaci da uwarsa za ta fara gani a WhatsApp, ka ɗauki lambar motar, sunan kamfanin da ke jikinta, yadda ta tsaya a kan titi da sawun burki. Ka karɓi lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a gabansu. A kai rahoto caji ofis a tabbatar an rubuta, domin kamfanin inshora zai nemi rahoton 'yan sanda da na likita. Duk rasit na magani, na hoton ƙashi da na kuɗin gado a adana shi, ko na naira ɗari biyar ne.

Akwai kuma abin da ya kamata mu daina. Dukan direba da ƙona mota laifi ne, kuma asara ce a kan wanda aka buge. Motar da ta zama toka ta tafi da takardunta, wanda ya je neman haƙƙi ya koma wanda 'yan sanda ke nema. Tsoron wannan dukan ma yana cikin abin da ke sa direbobi gudu su bar mutum kwance a titi, ko da sun so tsayawa.

Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu, manyan ƙasar nan sun zo jaje, an tara gudummawa mai yawa. Wannan abin a yaba ne. Amma ɗan acaɓan da tifa ta buge shi kaɗai a hanyar Roni ba wanda zai kafa masa kwamiti, kuma gudummawar Facebook takan tsaya ne a iya yawan mabiyan wanda ya saka hoton. Abin da zai iya dogara da shi shi ne lambar motar da wani ya ɗauka, rasit ɗin da ƙanwarsa ta adana, da ɗan'uwan da ya san cewa akwai ofishin da ake zuwa.

Ku ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da jami'ar fasaha ta Babura, da masu riƙe da manyan shafukan yankinmu, wannan aikinmu ne. A fassara waɗannan bayanai a kai su tashoshin mota da majalisun 'yan acaɓa, a roƙi limamanmu su taɓo hukuncin diyya da haƙƙin marayu a huɗubar Juma'a. Wanda yake da babur ko mota kuma, ya duba inshorarsa yau ɗin nan kafin ya hau titi.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.