Yunwa a Arewa maso Gabas: nauyin da ya dawo kan majami'u

A watan Yulin 2025, Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin dakatar da agajin gaggawa ga mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabashin Najeriya saboda ƙarancin kuɗi, bayan ƙasashe masu bayar da tallafi, musamman Amurka, sun rage abin da suke bayarwa. Wannan giɓi ya mayar da hankali kan cibiyoyin da ke tare da talakawa kullum, ciki har da majami'u.

A koyarwar Kirista, alherin Allah kyauta ce da ba a saye, kuma wanda ya samu kyauta bai kamata ya rufe hannu ba. Labarin ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu yana nuna cewa ɗan abin da aka miƙa da zuciya ɗaya yakan wadatar.

An riga an ga misalin hakan a Yola. A 2014, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ga dubban mutanen da Boko Haram ta kora, Kirista da Musulmi, aka ciyar da su. Daga baya ya gina musu gidaje, har da masallaci.

Majami'u ba za su iya maye gurbin gwamnati ba. Amma a lokacin godiyar girbi, sa'ad da buhunan masara da dawa ke cika gaban bagade, ya dace shugabanni su ware kaso mai tsoka zuwa sansanonin Maiduguri da Yola kafin a yi maganar sabon gini.